Yadda son mulki ke gwada zumunci a finafinan almara masu dogon zango

Tambaya: Ina rubuta fim ɗin almara mai dogon zango a kan gidan sarauta da 'ya'yan sarki ke rigima kan karaga. Waɗanda suka karanta sun ce tun daga farko ake gane mugu da nagari, kuma cin amanar ba ta taɓa zuciya. Ta yaya manyan finafinai irin wannan suke sa son mulki ya gwada zumunci har mai kallo ya ji a jikinsa?

Amsa:

Malam, ciwon da masu karatunka suka gano kusan kullum tushensa ɗaya ne. Marubuci ya ajiye mulki a dama, iyali a hagu, ya ce wa jarumi ya zaɓa. Wanda ya ɗauki karaga ya zama mugu nan take, wanda ya ɗauki 'yan'uwa ya zama nagari, zance ya mutu tun kashi na biyu. Finafinan da suka ratsa mutane sun gina zaɓin ta wata hanya. Mai neman sarauta yana gaya wa kansa cewa don 'ya'yansa yake yi, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Abin da ke gabansa shi ne ɗa ko ƙani, uwa ko mata, 'yan ɗakinsu ko 'yan uba. Duk wanda ya riƙe, ya saki wani nasa.

Zan ɗauki House of the Dragon a matsayin misali, domin a cikinsa ne ƙashin wannan gini ya fi fitowa fili. Tashar talabijin ta HBO ta fara nuna shi a watan Agusta na 2022, zangon farko kashi 10, zango na biyu a 2024 kashi 8, an ciro shi daga littafin Fire & Blood na George R. R. Martin wanda ya fito a 2018. Inda ya dace zan waiwayi Game of Thrones, mai zango 8 da kashi 73, daga 2011 zuwa 2019.

Abu na farko da za ka gyara shi ne ƙa'idar gado. Dole ta zama mai ɓaraka, ta yadda mutum biyu za su tsaya kowa da hujja ta gaske. Fim ɗin ya buɗe da taron manyan ƙasa a Harrenhal, inda aka zaɓi Viserys aka bar Rhaenys, alhali ita 'yar babban ɗan tsohon sarki ce. Da wannan aka kafa al'ada cewa namiji ke gaba. Sai shi Viserys ɗin, bayan matarsa Aemma ta rasu wajen haihuwa kuma jaririn ya bi ta, ya naɗa 'yarsa Rhaenyra magajiya, ya sa hakimai suka yi mata mubaya'a. Daga baya ya auri Alicent, ta haifa masa Aegon. Yanzu ɓangare ɗaya yana riƙe da wasiyyar sarki da rantsuwar hakimai, ɗayan yana riƙe da al'adar da ta ɗora sarkin kansa a kan gado. Babu wanda za a ce ya zo da ƙarya. Gwajin da za ka yi wa naka labarin mai sauƙi ne: rubuta hujjar kowane ɓangare a layi uku, ka ba mutum biyar da ba su san labarin ba. Idan dukansu suka goyi bayan ɓangare ɗaya, ka ƙara wa ɗayan hujja kafin ka rubuta ko da fitowa ɗaya. Kuma masu neman gadon kada su wuce biyu a zangon farko. Na uku zai iya raɓewa a gefe, kamar yadda Daemon ƙanin sarki ya raɓe, amma da sun kai huɗu ko biyar mai kallo zai koma ƙirga sunaye ya daina jin zafin kowa.

Irin wannan ɓarakar ba ƙirƙirarriya ba ce, shi ya sa take kamawa. Martin ya faɗa cewa ya ɗauko tushen rikicin daga tarihin Ingila. A 1120 ɗan Sarki Henry na ɗaya, wanda shi ne magajinsa, ya nutse a teku. Sarkin ya sa manyan ƙasa suka rantse wa 'yarsa Matilda, amma da ya rasu a 1135 sai Stephen, ɗan 'yar'uwarsa, ya riga ta hawa gado. Aka yi ta yaƙi har zuwa sulhun 1153, ɗan Matilda ya hau a 1154. Abin lura ga marubuci a nan, babban mai tsaya wa Matilda ɗan ubanta ne, Robert na Gloucester, wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba. Kenan kada ka ɗauka dole ɗan uba ya zama maƙiyi. Mai kallo Bahaushe kuma ba baƙo ba ne ga wannan. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin jikokin Ibrahim Dabo aka yi ta: Tukur ɗan Sarki Bello, wanda Sakkwato ta naɗa, da Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya fice zuwa Takai da magoya bayansa, bayan rasuwar Yusufu kuma ƙaninsa Alu ya karɓi jagoranci. Ɗaya yana da naɗi, ɗaya yana da jama'a da ƙorafin cewa an danne gidansu. Karanta irin wannan tarihi don ka fahimci yadda gida ke tsagewa, amma ka gina masarautarka ta almara da sunayenta, domin zuriyar waɗannan bayin Allah suna nan da ransu.

Abu na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma ina zargin nan ne cin amanar taka ta rasa nauyi. Ba a karya abin da ba a gina ba. Kafin a ga gaba, sai an ga ƙauna da ido, a aikace. Ba ya wadatarwa wani ya tsaya ya ce "ai su biyun nan sun shaƙu". A littafin, Alicent matar uba ce da ta girme wa Rhaenyra. Masu fim suka mayar da su sa'o'in juna kuma aminai, wannan sauyin shi ya ɗauki nauyin zangon farko gaba ɗaya. A kashi na 1 an nuna su ƙarƙashin bishiya, Rhaenyra ta ta da kai da cinyar Alicent, ta yago shafi daga littafin tarihin da suke karantawa ta ba ta. A kashi na 10, bayan shekaru kusan ashirin, ana gab da yaƙi, aka miƙa wa Rhaenyra wannan shafin. Ba a buƙaci jawabi ba. Ƙa'idar da zan ba ka: duk mutum biyun da za su ci amanar juna, ka ba su aƙalla fitowa uku na alheri kafin saɓani na farko, ɗaya a cikinsu ta ƙunshi sadaukarwa, wato ɗaya ya yi asarar wani abu don ɗayan. Sannan ka dasa wani ƙaramin abu da hannu ke riƙewa, zobe ko laya ko allon karatu, wanda zai dawo ranar rabuwa. Haka aka yi da Stannis, ɗaya daga cikin masu neman karaga a Game of Thrones. A kashi na 4 na zango na 5 ya gaya wa 'yarsa Shireen yadda ya ƙi yarda a rabu da ita lokacin da cuta ta kama ta tana jaririya. Kashi biyar bayan nan ya ba da ita aka ƙone. Ba don fitowar farko ba, ta biyun tashin hankali ce kawai.

Sai injin da ke tura komai, wato tsoro. Kwaɗayin mulki shi kaɗai ba ya riƙe labari kashi goma, domin mai kwaɗayi zai iya haƙura. Wanda ya yi imani za a kashe 'ya'yansa idan ya haƙura, shi ne ba ya iya komawa baya. A kashi na 5, Otto Hightower, wazirin da aka sauke, ya gaya wa 'yarsa Alicent kafin ya bar birni cewa ranar da Rhaenyra ta hau gado sai ta kawar da 'ya'yan Alicent don ta zauna lafiya. Rhaenyra ba ta taɓa faɗin haka ba. Amma maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma uwa ba ta caca da irin wannan. A ɗaya gefen, 'ya'yan Rhaenyra uku na farko sun fito da gashi mai duhu alhali ita da mijinta masu farin gashi ne, kowa a fada yana raɗa cewa ba na mijinta ba ne. Idan aka tabbatar da haka, gadonta ya tafi, rayukansu ma suna cikin haɗari. To ga mata biyu, kowacce tana kare ɗakinta, kuma duk matakin kariyar da ɗaya ta ɗauka barazana ne ga ɗayar. Ka tambayi kanka game da kowane jarumi naka: idan ya janye yau, me zai same shi gobe? Idan amsar ita ce zai koma gonarsa ya ci gaba da rayuwa, ƙofar fita a buɗe take, mai kallo kuma zai yi ta mamakin abin da ya hana shi fita. Rufe ta.

Game da sauri, kuskuren sababbin marubuta shi ne kashe sarki a kashi na farko don rikici ya ɓarke. A House of the Dragon sarki bai mutu ba sai ƙarshen kashi na 8 cikin 10. Kashi takwas ɗin nan matakala ce, kowane tsani ya ɗara na baya kaɗan. Auren sarki da Alicent da ya zo wa Rhaenyra ba zato a kashi na 2. Ƙarya da Rhaenyra ta yi wa Alicent har da rantsuwa a kashi na 4. Koriyar rigar da Alicent ta shigo da ita walimar aure a kashi na 5, launin da gidansu ke kiran yaƙi da shi. A kashi na 6 Alicent ta ce a kawo mata jaririn Rhaenyra da zarar an haife shi, Rhaenyra ta tashi da ciwon haihuwa ta kai shi da ƙafarta. A kashi na 7, a wurin makoki, yara suka yi faɗa, Lucerys ɗan Rhaenyra ya tsiyaye wa Aemond ɗan Alicent ido, Alicent ta nemi ido a madadin ido har ta zaro wuƙa ta yanki Rhaenyra a hannu. Jinin da ba ya gyaruwa bai zuba ba sai kashi na 10. Tsakanin waɗannan matakai akwai abin da ba a cika lura da shi ba: damar sulhu da ake bayarwa kuma a ƙi karɓa. Rhaenyra ta nemi a haɗa ɗanta Jacaerys aure da Helaena 'yar Alicent, aka ƙi. A liyafar kashi na 8 matan biyu sun yi wa juna kalaman alheri da gaske, amma da aka fita da sarki sai samarin suka dawo da gabar da aka shayar da su tun suna yara. Ka sa irin wannan dama aƙalla sau biyu a zango, kuma ta zama wadda mai kallo zai yarda za ta iya yiwuwa. Ita ke sa mutum ya riƙe kai ya ce da ma.

Tsallaken shekaru yana da farashi. An tsallake shekara 10 a kashi na 6 har aka sauya 'yan wasan da ke fitowa a matsayin matan biyu, aka sake tsallake 6 a kashi na 8. Ribar ita ce an ga gaba ta zama gado. Asarar kuwa, mutane irin su Harwin Strong, wanda ake zargin shi ne uban 'ya'yan Rhaenyra, da Laena matar Daemon sun mutu kafin mai kallo ya saba da su. Idan za ka tsallaka, sau ɗaya a zango ya isa.

Ina so ka daɗe a kan uban, domin shi ne ginshiƙin da aka fi rainawa. Viserys ba azzalumi ba ne, mutum ne mai son kowa ya zauna lafiya, kuma wannan son ne ya rusa gidansa. Ya ga ɓaraka, ya kawar da kai. Bai sauke Rhaenyra ba, bai kuma shirya Aegon ya yarda da matsayinsa ba. Ranar da aka cire wa ɗansa ido, hankalinsa ya tafi kan wanda ya fara furta zargin asalin jikokinsa, Aemond kuwa ya tashi da sanin cewa idonsa bai kai a hukunta kowa ba. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san wannan uban, mai cewa "ku yi haƙuri, ku duka nawa ne" a inda ake buƙatar hukunci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a irin wannan labari mai gidan ne ke barin tsagar. Idan sarkinka mugu ne, 'ya'yansa suna da uzurin juya masa baya. Idan mai ƙauna ne mai rauni, babu wanda ke da uzuri, nan ne zafin yake.

Ƙadangarun kuma, wato masu zuga, ɗaya ko biyu a kowane ɓangare sun isa. Sharaɗinsu biyu: kowa yana da abin da yake nema wa kansa, kuma abin da yake faɗa ya zama rabinsa gaskiya ne. Mai zugan da ke ƙarya tsagwaronta yana mayar da jarumi wawa. Yana da kyau kuma a sami ƙaramin madubi daga cikin bayi ko dogarai. Tagwayen dogarai Erryk da Arryk sun rabu, kowa ya bi ɓangare ɗaya bisa rantsuwarsa, suka mutu a ɗaki ɗaya a kashi na 2 na zango na biyu. Cikin 'yan mintoci an nuna abin da rikicin manya ke yi wa gidajen da ba za su taɓa hawa karaga ba.

Yanzu ga abin da ya raba almara da sauran labaran sarauta. Dodanni masu fiffike da aman wuta da 'yan gidan sarautar ke hawa a wannan fim suna yin aiki ɗaya takamaimai: suna ba kowane ɗan gida, har yaro, ƙarfin da ya fi runduna. Faɗan 'yan uba da a gidan talaka zai ƙare da gaba da ƙin gaisuwa, a nan yana ƙarewa da ƙone gari. Aemond, yaron da ake yi wa dariya don ba shi da dodo, ya mallaki Vhagar, mafi girman da ke raye. A kashi na 10 na zangon farko ya bi Lucerys a sararin sama don ya tsorata shi, dodannin suka ƙi jin umarni, Vhagar ta hallaka yaron. Bai yi niyyar kisa ba, amma shi ya zaɓi ya bi shi. Daga nan Daemon, wanda a lokacin mijin Rhaenyra ne, ya aika a kashe Aemond, waɗanda aka aika suka kashe ƙaramin ɗan Aegon. A kashi na 4 na zango na biyu Aemond ya saki wuta a inda yayansa Aegon yake, shaƙiƙinsa uwa ɗaya uba ɗaya, ya zama mai riƙon ƙwarya. Ka lura da yadda da'irar ke ƙanƙancewa: daga 'yan uba ta dawo cikin ɗaki ɗaya.

Ƙa'idar sihiri a irin wannan labari ita ce ya ƙara wa zaɓi nauyi, kada ya yi zaɓin a madadin mutum. A nan nake jin tsoro ga marubutanmu, domin hanya mafi sauƙi ita ce a ce an yi wa yarima asiri ko aljani ya shige shi, shi ya sa ya juya wa mahaifinsa baya. Da ka rubuta haka ka kashe labarin, domin wanda aka juya ba a gwada shi ba, kuma da an karya sammun kowa zai yafe. Bari bokan ya faɗi farashi, jarumin ya biya da hankalinsa. An gaya wa Stannis cewa jinin sarauta ake buƙata, shi ya kai 'yarsa, kuma sakamakon ya zo nan da nan: rabin rundunarsa ta watse, matarsa ta kashe kanta, aka ci shi da yaƙi. Ko House of the Dragon ya ɗan zame a nan, a ganina. Sa Alicent ta yi wa maganar Viserys ta gargarar mutuwa gurguwar fahimta, ta ɗauka yana nufin ɗanta Aegon ya gaje shi alhali tsohon mafarkin kakansu yake ambato, ya rage mata nauyin laifi. Abin da ya ceci wurin shi ne kashi na 9 ya nuna Otto da 'yan majalisa sun daɗe da shirya ɗora Aegon a kan karaga ba tare da ita ba. Duk wata ƙa'ida ta sihirinka, ka nuna ta tana aiki aƙalla sau ɗaya a kan ƙaramin abu kafin ranar da za ta yanke hukunci babba.

Bayan cin amana, ka ba ta lokacin da za ta yi ciwo, kashi ɗaya cikakke aƙalla. Rhaenyra kusan ba ta yi magana ba a kashin farko na zango na biyu, tana neman abin da ya rage na ɗanta a bakin teku. Gaggawa a wannan gaɓa ita ta jawo wa ƙarshen Game of Thrones suka. Kisan da Tyrion ya yi wa mahaifinsa Tywin an yi zango huɗu ana tara masa wulaƙanci kafin ya zo, shi ya sa ba wanda ya ce bai dace ba. Zango na 8 kuwa kashi 6 ne kawai, a cikinsu aka so Daenerys, mai neman karaga, ta san masoyinta Jon ɗan yayanta ne mai hujjar gado da ta fi tata, ta ƙone birni a kashi na 5, ya kashe ta a na 6. Ginin daidai ne, wurin numfashi ne babu. Kwatanta da ƙarshen zango na biyu na House of the Dragon, inda Alicent ta je wurin Rhaenyra a ɓoye tana neman ta tsira da 'yarta Helaena da jikarta, aka ce mata farashin shi ne kan Aegon, ta amince. Kashi 18 aka yi ana tafiya zuwa wannan amsar, daga uwar da ta fara komai don kare wannan ɗan.

Ta fuskar kuɗi kuma, kada rashin na'urorin haɗa dodo a kwamfuta ya karya maka gwiwa. Ƙirga fitowar da na ambata: gindin bishiya, ɗakin haihuwa, wurin makoki, teburin liyafa, gefen gadon mara lafiya. Mafi yawansu ɗaki ne da mutum huɗu zuwa goma. Kai kana da zaure, da ranar suna, da zaman makoki, da rabon gado, da jerin dawakai ranar hawa inda kowa ke duba wanda aka sa kusa da sarki. A zango mai kashi 10, abin al'ajabi ya bayyana sau uku ya wadatar: a kashi na farko don a san yana nan, a tsakiya lokacin da ya faɗa hannun wanda aka raina, sai a kashi na ƙarshe ranar da ya kuɓuce wa mai riƙe da shi.